Yadda Ake Neman Ƙarin Girma a Wurin Aiki, Mataki Bayan Mataki

Tambayar da ma'aikata suka fi yawan yi mini a 'yan watannin nan ita ce ta ƙarin girma. Mutum ya shekara huɗu ko biyar a kujera ɗaya, aiki ya ƙaru a kansa, waɗanda suka zo bayansa sun wuce shi, amma bai san ta inda zai ɓullo wa maganar ba. Wasu nauyin shugabansu suke ji, suna ganin neman ƙarin girma kamar roƙo ne ko rashin godiya. Wasu kuma sun yi maganar, sai dai sun yi ta cikin fushi ko a lokacin da bai dace ba, aka sallame su da "za a duba". Wannan jagora ta shafi ma'aikacin kamfani, banki, makaranta ko asibiti mai zaman kansa, da kuma ma'aikacin gwamnati a Najeriya, namiji ko mace. Abin da za a riƙe tun daga farko shi ne, shugaba yana ɗaga wanda ya nuna masa a rubuce cewa ya riga ya fara ɗaukar nauyin kujerar gaba, don haka yawancin aikin ana yin sa ne watanni kafin a buɗe baki.

Mataki na 1: San tsarin da kake aiki a ƙarƙashinsa

A aikin gwamnatin tarayya ƙarin girma yana da ƙa'ida a rubuce cikin Dokokin Aikin Gwamnati, kuma yawancin jihohi suna bin tsari mai kama da shi. Ma'aikacin da ke matakin albashi na 06 zuwa ƙasa sai ya yi aƙalla shekara 2 a matakinsa kafin a duba shi, na mataki na 07 zuwa 14 shekara 3, na mataki na 15 zuwa sama kuwa shekara 4. Kafin wannan duka sai an tabbatar da shi a aiki, abin da ke zuwa bayan shekara 2 na gwaji. Cika shekarun ba ya wadatarwa shi kaɗai: dole a sami gurbi a matakin gaba, rahoton aikinsa na shekara-shekara ya yi kyau, kuma ya ci jarrabawa ko ganawar da aka shirya. Saboda haka ma'aikacin gwamnati ba ya zuwa ya ce a ƙara masa girma kamar yadda ake yi a kamfani. Abin da yake nema shi ne sunansa ya shiga jerin waɗanda suka cancanta a shekarar da lokacinsa ya yi.

A kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu kuwa, ƙa'idar tana cikin takardar ɗaukarka aiki da littafin dokokin ma'aikata, idan akwai. Ka nemi littafin a sashen kula da ma'aikata, ka karanta shafukan da suka yi magana kan matakai, tantance aiki da cike gurbi. Inda babu littafi, kamar ƙananan kamfanoni da mai su ke yanke komai, ka lura da yadda aka ɗaga mutum biyu ko uku na ƙarshe: a wane wata aka yi, wa ya gabatar da su, me suka yi kafin nan.

Gargaɗi: babu dokar ƙwadago da ta tilasta wa kamfani ya ƙara wa ma'aikaci girma don ya daɗe. Wanda ya shiga ofishin shugaba yana cewa haƙƙinsa ne, alhali ba a rubuta hakan a yarjejeniyarsa ba, ya fara da hujjar da za a rushe cikin minti ɗaya.

Mataki na 2: Gyara fayil ɗinka

Ka tara takardar ɗauka aiki, takardar tabbatarwa, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, shaidun karatu, takardar kammala bautar ƙasa ko ta ɗauke maka ita, shaidar haihuwa, da shaidun kwasa-kwasan da ka halarta. Ka ajiye na asali a gida, ka yi kwafi biyu, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Daga nan ka je rajista ko sashen ma'aikata ka tabbatar abin da ke hannunka shi ne ke cikin fayil ɗinka. Ma'aikatan gwamnati su bincika ko fom ɗin APER, wato na rahoton aiki na shekara-shekara, na shekarun da suka gabata an cike shi, shugaba ya sa hannu, kuma ya isa inda ya kamata. Inda aka koma sabon tsarin auna ƙwazo, su tabbatar an shigar da sakamakonsu. Mutane da yawa sun rasa shekara guda cur saboda fom ɗaya da ya kwana a aljihun teburin wani.

Gargaɗi: abubuwa uku ne suka fi tsayar da fayil. Na farko, bambancin ranar haihuwa ko rubutun suna tsakanin takardu. Na biyu, takardar tuhuma da ba a rufe maganarta ba, domin ba a duba wanda ke da shari'ar ladabtarwa a kansa sai an kammala ta. Na uku, digiri ko difloma da aka yi ba tare da izinin ofis a rubuce ba, wanda hukuma za ta iya ƙin la'akari da shi. Duk wanda ya shafe ka, ka warware shi kafin ka ci gaba.

Mataki na 3: Tara hujja, ka mayar da ita shafi ɗaya

A nan ne nasara ko faɗuwa take, kuma a nan mutane suka fi yin sakaci. Shugabanka ba zai tuna abin da ka yi a watan Fabrairu ba idan Nuwamba ta zo, kai kanka ma da ƙyar za ka tuna. Ka sayi ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a waya, kowace Juma'a ka rubuta layi uku ko huɗu: aikin da ka gama, matsalar da ka warware, da sakamakon da aka gani. Ka yi haka na wata shida aƙalla. Duk saƙon yabo da ya zo daga abokin ciniki, iyayen yara ko wani shugaba, ka adana shi tare da kwanan wata.

Hujjar da ke da nauyi kashi uku ce. Akwai kuɗin da ka kawo ko ka hana su zubewa. Akwai lokaci ko wahalar da ka rage wa ofis. Sai kuma nauyin da ka ɗauka wanda ya fi matakinka, kuma wannan na uku shi ya fi ƙarfi, domin shi ke nuna cewa ba sabon abu za a gwada da kai ba. Idan ka riƙe sashe lokacin da shugabar sashen ta tafi hutun haihuwa, ko ka koyar da sababbin ma'aikata, ko ka wakilci ofis a wani taro, ka rubuta ranar farawa da ta gamawa da abin da ya gudana a hannunka.

Kowace hujja ta zo da adadi idan zai yiwu. Jumla irin "ina aiki tuƙuru ba dare ba rana" kowa yana faɗinta, ba ta bambanta ka da kowa. A ɗauki misalin mai kula da sito: maimakon ya ce ya gyara sito, sai ya rubuta cewa da can ƙidayar kayan ƙarshen wata tana cin kwana 4, yanzu kwana 1 take ci tun da ya sake tsarin kati, kuma wata 6 a jere ba a sami giɓi tsakanin littafi da kaya ba. Malamar makaranta za ta kawo sakamakon ɗalibanta a jarrabawar WAEC ko NECO na shekara biyu a jere, tare da yawan waɗanda suka zauna. Mai tallan kaya zai kawo cinikin yankinsa kafin ya karɓa da bayan ya karɓa. Ma'aikacin jinya zai nuna jadawalin aikin da ya tsara wa ɗaki da yawan ɗaliban da ya kula da su. Wanda aikinsa ba ya ƙirguwa da kuɗi, kamar sakatare ko direba, yana da abin ƙirgawa shi ma: yawan takardun da ke wucewa ta hannunsa, tafiye-tafiyen da aka yi lafiya, kuɗin gyaran mota da ya ragu.

Bayan ka tara, ka zaɓi biyar ko shida mafi ƙarfi ka jera su a shafi ɗaya, mafi girma a sama. Shugaba mai ayyuka da yawa ba zai karanta shafi huɗu ba, kuma sau da yawa wannan shafin naka ne zai ɗauka ya shiga da shi wurin nasa shugaban, don haka ka rubuta shi yadda wanda bai san ka ba zai fahimta.

Gargaɗi: kada ka ɗora wa kanka aikin da jama'a suka yi tare. Ka ce "mun yi", sannan ka fayyace ɓangarenka. Shugaba ya san gaskiyar lamarin, kuma ƙarin gishiri ɗaya yana ɓata sauran hujjojin. Haka nan kada ka kwashi bayanan sirrin kamfani ko na marasa lafiya zuwa wayarka da sunan tara hujja, domin wannan laifi ne da zai iya jawo kora.

Mataki na 4: Fayyace abin da kake nema

"A taimaka a ɗaga ni" ba buƙata ba ce da za a iya sa wa hannu. Ka san sunan kujerar, ayyukanta, da sharuɗɗanta. Idan tana buƙatar shaidar ƙwararru, kamar ICAN ko ANAN ga akanta, COREN ga injiniya, TRCN ga malami, ko CIPM ga jami'in kula da ma'aikata, ka san inda ka tsaya, kuma idan ba ka kammala ba ka faɗi lokacin da kake sa ran kammalawa. Nan ne mafi yawan kuɗin da za ka kashe yake: rajista, kuɗin jarrabawa, darasi da kuɗin shekara na ƙungiya. Farashin yana canjawa, sai ka duba shi kai tsaye a wurin hukumar, ka kuma tambaya ko ofishinku yana mayar wa wanda ya ci jarrabawa kuɗinsa, domin wasu bankuna da manyan kamfanoni suna yi.

Ka kuma yi lissafi da gaskiya. Ƙarin albashi yana zuwa da ƙarin haraji, kuma kashi 8 cikin 100 da ake cire maka na fansho zai ƙaru tare da shi, ko da yake kashi 10 da wanda ya ɗauke ka aiki ke zuba maka ma zai ƙaru. Wata kujerar tana soke kuɗin aikin bayan lokaci, wata tana nufin canjin gari, da sabon kuɗin haya da sauya wa yara makaranta. Ka tattauna da iyalinka tun yanzu, don kada a ba ka abin da ka nema sannan ka dawo kana neman a janye.

Mataki na 5: Zaɓi lokaci da wuri

Ƙarin girma kuɗi ne, kuɗi kuma a kasafi yake. Kamfanin da shekararsa ke farawa a Janairu yakan tsara kasafinsa a watannin ƙarshen shekara, don haka maganar da aka yi a Satumba ko Oktoba ta fi wadda aka yi a Fabrairu samun wuri. Makarantu suna rabon muƙamai kafin sabon zangon Satumba. Ƙungiyoyin agaji suna buɗe gurabe ne idan sabon tallafi ya shigo. Lokaci mai kyau kuma shi ne makonni kaɗan bayan ka kammala wani babban aiki da kowa ya gani, ko lokacin da na gabanka ya kusa ritaya ko canjin wuri.

Ka nemi ganawa ta musamman, ka faɗi dalilinta a taƙaice: "Ranka ya daɗe, ina neman minti ashirin a wannan makon ko na gaba, in tattauna da kai game da aikina da ci gabana."

Gargaɗi: kada ka tare shugaba a bakin masallaci, wurin ɗaurin aure, zaman makoki ko cikin mota, kuma kada ka tura masa dogon saƙon WhatsApp da dare. Zai amsa maka cikin kunya, amsar kuma ba za ta shiga fayil ba. Haka nan ka guji makon da aka yi asara, aka rage ma'aikata ko albashi ya makara.

Mataki na 6: Ganawar kanta

Ka shiga da kwafi biyu na shafin hujjarka, da biro da takarda. Ka gaisa yadda ya kamata, amma kada gaisuwa da kewaye-kewaye su cinye rabin lokacin. Tarbiyyarmu ta jin nauyin manya abu ne mai kyau, sai dai a nan takan sa mutum ya fito bai faɗi abin da ya kai shi ba. Bayan gaisuwa, magana za ta iya tafiya kamar haka:

"Ranki ya daɗe, na gode da lokacin da kika ba ni. Shekara uku ke nan ina wannan matsayi, kuma a shekarar da ta wuce na riƙe sashen har wata huɗu, na kuma koyar da sababbin ma'aikata uku. Na rubuto abubuwan a wannan shafi. Ina neman a duba ni a matsayin mataimakin shugaban sashe a zagayen da ke tafe. Ina kuma son jin ra'ayinki, ko akwai abin da kike ganin ya rage mini."

Da ka faɗi haka, ka yi shiru ka bar ta ta karanta. Mutane da yawa shirun ne ba sa iya jurewa, sai su fara janye maganarsu da kansu: "amma idan babu hali ba komai". Wannan jumla ita ce take ba shugaba ƙofar fita, kada ka furta ta.

Amsoshin da aka fi ji uku ne, kowacce da yadda ake karɓarta. Idan aka ce babu kuɗi a bana, ka tambaya yaushe ake tsara kasafi na gaba, kuma ko za a iya sa sunanka a ciki; ka kuma tambaya ko za a ba ka riƙon ƙwarya a rubuce, da alawus ɗinsa. Idan aka ce ba ka kai ba tukuna, kada ka yi musu. Ka nemi a faɗa maka abu biyu ko uku takamaimai da za ka cika, ka rubuta su a gabanta. Idan aka ce "za a duba", ka yi godiya ka ce, "Ko zan iya dawowa bayan mako uku in ji inda aka kwana?" Manufar ita ce kada ka fita sai da kwanan wata.

Gargaɗi: abubuwa uku suna kashe ganawa. Na farko, jero matsalolin gida: kuɗin haya, tsadar abinci, kuɗin makaranta. Duk gaskiya ne, kuma shugaba ya sani, amma waɗannan hujjar neman taimako ce ko rance, ba ta riƙe muƙami ba. Na biyu, kama sunan abokin aiki a ce an ɗaga wane alhali ka fi shi. Daga nan magana ta koma kare hukuncin da aka riga aka yanke. Na uku, barazanar ajiye aiki. Kada ka ambaci tafiya sai takardar wani wurin tana hannunka kuma ka shirya tafiyar da gaske, domin akwai shugaban da zai ce Allah ya kiyaye hanya nan take.

Mataki na 7: Bi da takarda ta hanyar da ta dace

A ranar ko washegari, ka rubuta gajeriyar takarda ko imel da ke tuna abin da aka tattauna: matsayin da ka nema, hujjoji uku mafi ƙarfi, abin da aka ce maka, da ranar da za a sake zama. A ofisoshin gwamnati takarda tana bi ne ta hannun shugabanka na kusa zuwa sama, kuma idan ka miƙa ta a rajista ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Gargaɗi: tsallake shugabanka ka kai magana sama yana jawo gaba mai daɗewa, ko da ka samu abin da kake so. Batun kamun ƙafa kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Dokokin Aikin Gwamnati sun hana ma'aikaci neman manyan mutane su sa masa baki kan ƙarin girma ko canjin wurin aiki, ba da wani abu ga jami'i don a tura fayil kuwa cin hanci ne da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke gurfanar da mai bayarwa da mai karɓa a kotu a kansa. Na san za a ce wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma ba na musun cewa hakan na faruwa. Amma wanda aka ɗaga da wayar wani yakan zauna da raini daga na ƙasa da shi, kuma matsayinsa yana rawa duk ranar da mai wayar ya sauka. Abin da ya halatta, kuma yake da amfani, shi ne wani babba a cikin ofis da ya ga aikinka da idonsa ya shaide ka idan an tambaye shi.

Mataki na 8: Jarrabawa ko ganawar kwamiti

Ma'aikacin gwamnati ya karanta Dokokin Aikin Gwamnati, Dokokin Kuɗi, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, al'amuran yau da kullum, da fannin aikinsa. A tabbatar bugun da ake karantawa shi ne na baya-bayan nan, domin a tarayya an sabunta dokokin aikin, sabon bugun ya fara aiki a 2023. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya fara koyo tun yanzu, tunda jarrabawar tana komawa ta kwamfuta. A tanadi kuɗin mota da masauki idan cibiyar tana wani gari. A kamfani kuwa, kwamiti yakan tambayi yadda za ka tafiyar da mutanen da jiya abokan aikinka ne, sai ka shirya amsa da misali daga abin da ka taɓa yi.

Mataki na 9: Bayan an ba da amsa

Idan an amince, kada ka ɗauki albishir na baki a matsayin kammalawa. Ka jira takarda mai ɗauke da sabon matsayi, matakin albashi da ranar da ya fara aiki, ka kai kwafi sashen albashi, sannan ka duba takardar albashinka ta wata biyu masu zuwa. A gwamnati sau da yawa takarda tana riga kuɗi isowa da watanni, don haka ka rubuta neman ariyas ɗinka, wato kuɗin watannin baya da kake bi, da wuri, ka riƙe kwafi mai hatimi. Idan kamfani ya ba ka sabon suna da ƙarin aiki ba tare da ƙarin kuɗi ba, ka nemi a rubuta watan da za a daidaita albashin kafin ka karɓa. Ka kuma rubuta takardar miƙa aiki ga wanda zai gaje ka.

Idan an ƙi, ka riƙe sharuɗɗan da aka faɗa maka, ka cika su, ka koma a ranar da aka sa da sabon shafin hujja. Wanda ya ci jarrabawa amma aka ce babu gurbi ya tambayi sashen mulki matsayinsa a jerin masu jira. Wanda kuma yake da dalilin ganin an tsallake shi ba bisa ƙa'ida ba, ya rubuta koke ta hanyar ofis, ya sanar da ƙungiyar ƙwadagonsa. Idan hakan bai yi ba akwai Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ya kamata a nemi shawarar lauya kafin a je gare ta. Idan kuwa sau biyu ka cika abin da aka gindaya maka a kamfani mai zaman kansa aka sake kawo sabon sharaɗi, ka fara neman wani wurin a natse da wannan shafin hujjar, ka ci gaba da aikinka yadda ka saba, kuma ka duba wa'adin sanarwar barin aiki da ke cikin takardar ɗaukarka kafin ka sa hannu a ko'ina.